Labarin Sukari A Tambayi Fata

Gabatarwa

A wata ƙaramar salla na je gaishe da ƙanwata, sai na tarar tana yi wa 'yarta faɗa. Yarinyar tana da shekara 15, tana ajin farko na babbar sakandare a wata makarantar kwana, ta kuwa dawo hutu ne da ƙorafi daga makaranta cewa ba ta wanke wuyanta. Uwar ta dube ni ta ce, "Yaya, don Allah dubi wuyan yarinyar nan. Babu irin soson da ban saya mata ba, har sabulun salo mun gwada, amma dauɗar ta ƙi fita." Ita kuwa yarinyar ta sunkuyar da kai tana hawaye, ta ce, "Wallahi Kawu, sau biyu nake wanka kullum."

Da na duba, sai na ga fatar bayan wuyanta ta fi sauran jikinta baƙi, ta yi kauri, kuma tana da laushi irin na karammiski. Na ce wa ƙanwata a ajiye soso, a kai yarinyar asibiti a auna jininta. Awon ya nuna cewa sukarin jininta ya fara haura ƙa'ida, ko da yake bai kai matsayin ciwon sukari ba tukuna.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Masana kimiyyar halittu su ma za su iya cewa labarin sukarin jini a tambayi fata, domin sau da yawa fata ce ke fara ba da sanarwa tun mutum bai ji ciwo a ko'ina ba. Wannan maƙala za ta bayyana yadda jiki ke daidaita sukarin jini, da abin da ke samun fata idan ma'aunin ya karkace, da kuma yadda ɗalibi da malami za su karanta abin da fatar ke faɗa.

Ma'aunin Sukari A Cikin Jini

Duk abincin da ke da sitaci, kamar tuwo da shinkafa da burodi da rogo da doya, idan ya narke a hanji yana komawa wani nau'in sukari da ake kira gulukos, wanda ke shiga jini ya zagaya jiki. Shi ne makamashin da ƙwayoyin halittar jiki ke ƙonawa su samu ƙarfin aiki.

Idan mutum mai lafiya ya kwana bai ci komai ba, akan samu gulukos tsakanin miligiram 70 da 99 a kowace desilita ta jininsa. Desilita ita ce kashi ɗaya cikin goma na lita. Bari mu yi ɗan lissafi. Baligi yana da jini kimanin lita 5, wato desilita 50. Idan kowace desilita na ɗauke da miligiram 90, jimla ta zama miligiram 4,500, wato giram huɗu da rabi. Ashe duk sukarin da ke yawo a jinin ƙato guda bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 kuwa tana ɗauke da sukari wajen giram 35. Mai karatu zai ga irin aikin da ake ɗora wa jiki a duk lokacin da aka ɗaga kwalba aka shanye.

Mai tsaron wannan ma'auni wata gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas. Idan sukari ya hau bayan cin abinci, sai ta saki sinadarin insulin, shi kuma ya umarci tsoka da kitse su ɗebe sukarin daga jini, hanta kuma ta adana rarar. Idan sukari ya yi ƙasa, sai ta saki wani sinadarin mai suna gulukagon, ya umarci hanta ta fito da ajiyarta.

Wani abin sha'awa shi ne, mutum guda ne ya bar sunansa a fata da kuma fankiriyas. A shekarar 1868 Paul Langerhans, ɗalibin likitanci a birnin Balin na ƙasar Jamus, ya gano wasu ƙwayoyi masu rassa a cikin fata, waɗanda daga baya aka fahimci cewa dakarun garkuwar jiki ne. A 1869 kuma ya gano wasu ƙwayoyin da suka taru rukuni-rukuni a cikin fankiriyas kamar tsibirai a tsakiyar ruwa. Waɗannan tsibirai ne ke samar da insulin, sinadarin da Frederick Banting da Charles Best suka tatso a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, aka ceto ransa.

Ma'aunin na lalacewa ta manyan hanyoyi biyu. A nau'i na ɗaya na ciwon sukari, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce ke kuskure ta hallaka ƙwayoyin da ke samar da insulin. A nau'i na biyu, wanda shi ne kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, insulin yana nan, amma ƙwayoyin jiki sun yi masa kunnen ƙashi. Sai fankiriyas ta riƙa ninka yawan insulin ɗin da take fitarwa, ta yi ta haka shekara da shekaru, har ta gaji, sannan sukari ya hau sosai. Ke nan fata na fuskantar matsala kashi biyu: da farko yawan insulin, daga baya yawan sukari. Kowannensu da irin tambarin da yake bugawa.

Baƙin Wuyan Da Ba Dauɗa Ba

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jiki, faɗinta a baligi ya kusa murabba'in mita 2. Tana da hawa uku. Hawan sama shi ne wanda muke gani, kuma ƙwayoyinsa na sabunta kansu cikin kimanin wata guda. Hawan tsakiya ya ƙunshi zaruruwan wani furotin mai suna kolajin, da ƙananan magudanan jini, da jijiyoyin da ke kai saƙon ji, da maɓuɓɓugan gumi da na maiƙo. Hawan ƙasa kuwa kitse ne.

Insulin ba aikin sukari kawai yake yi ba. Idan ya yi yawa a jini yakan zaburar da ƙwayoyin fata su riƙa hayayyafa fiye da ƙima. Sai fatar ta yi kauri, ta yi gunya-gunya, ta yi duhu, musamman a wuraren da take naɗewa: bayan wuya da hammata da matsematsi, wani lokaci har gaɓoɓin yatsu. Likitoci na kiran wannan akantosis nigirikans. An fara bayyana shi a rubuce wajen shekarar 1890, amma sai a 1976 Ronald Kahn da abokan aikinsa a Amurka suka nuna alaƙarsa da ƙin jin umarnin insulin. Yakan zo tare da wasu 'yan tsiron nama masu laushi da ke rataye a wuya ko hammata.

Abu uku ya kamata a riƙe. Na farko, baƙin ya samo asali ne galibi daga kaurin fatar, saboda haka soso ba ya fitar da shi, sai ma ya ƙara ɓata wurin. Na biyu, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Na uku, man bilicin ba maganinsa ba ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka na ɗauke da sinadarin sitiroid mai ƙarfi, wanda ke sirantar da fata, ya raunana garkuwarta, kuma idan aka daɗe ana shafawa yana ratsawa cikin jini ya ɗaga sukari. An gudu ke nan ba a tsira ba. Alamar ta fi yawa ga masu ƙiba da masu duhun fata, haka kuma ga 'yan matan da al'adarsu ke rikicewa saboda matsalar kwan mahaifa. Idan kuwa ta bayyana farat ɗaya ga babban mutum da ke ramewa, a gaggauta ganin likita, domin a wasu lokuta ƙalilan takan nuna ciwon daji na ciki.

Ƙurajen fuska da ke damun matasa su ma suna da alaƙa da insulin, domin yawansa na ƙara maiƙon da fata ke fitarwa. A 2002 aka wallafa binciken da aka yi a tsibirin Kitaba na ƙasar Papuwa Niyu Gini, inda aka duba mutum 1,200 masu rayuwa a kan doya da dankali da kifi da kwakwa, ba a samu mai ƙurajen fuska ko guda ba. A 2007 kuma masu bincike a birnin Melbon na Ostireliya suka raba samari 43 gida biyu. Bayan mako 12, waɗanda aka ɗora kan abincin da ba ya ɗaga sukari da sauri sun fi samun raguwar ƙuraje. Sai dai a lura, ƙurajen fuska ba alamar ciwon sukari ba ne. Balaga da gado su ne manyan musabbabansu, abinci yana ƙara wa wutar itace ne kawai.

Bushewa Da Ƙaiƙayi Da Maruru

Idan sukarin jini ya haura kimanin miligiram 180 a desilita, ƙoda takan kasa riƙe shi, sai ya tsallaka cikin fitsari. Sukari kuwa ba ya fita shi kaɗai, sai ya ja ruwa ya tafi da shi. Wannan ne dalilin yawan fitsari da ƙishirwa, kuma shi ya sa tun zamanin da likitocin Indiya suka lura da yadda tururuwa ke taruwa a kan fitsarin masu wannan ciwo. Jikin da ke asarar ruwa fatarsa bushewa take yi, ta yi ƙaiƙayi, ta tsattsage. A ƙasashenmu iskar hunturu na ƙara tsananta abin, kaushi ya zama faso, faso kuma ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta.

Daidai lokacin da ƙofar ke buɗewa, masu gadin su ma ƙarfinsu raguwa yake yi. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne su garzaya wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta, sukan yi nawa idan sukari ya yi yawa. Saboda haka ake yawan ganin maruru masu fitowa ɗaya bayan ɗaya, da kumburin yatsa mai tara mugunya, da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa, da ƙaiƙayin matsematsi da ƙarƙashin mama wanda wani fangas mai suna kandida ke haddasawa. Likitoci a Nijeriya da Tanzaniya sun bayyana yadda ɗan ƙwarzane ko cizon ƙwaro a hannun mai ciwon sukari kan zama mummunan ruɓewa cikin 'yan kwanaki. Wajibi ne a tuna cewa a baƙar fata ba kasafai ake ganin jan da littattafai ke ambata ba. Abin dubawa shi ne zafin wurin, da kumburi, da sheƙi, da ƙarin duhu.

Jimar Da Sukari Ke Yi Wa Fata

A shekarar 1912 wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana cewa idan aka ɗumama sukari tare da tubalan furotin, sukan manne wa juna su koma launin ƙasa-ƙasa. Wannan haɗuwa ce ke ba wa ɓawon burodi da ƙosai da tsire launinsu da ƙamshinsu. A bisa wuta abin na faruwa cikin mintoci. A cikin jikin mutum, inda zafi bai wuce digiri 37 a ma'aunin santigired ba, yana faruwa a hankali, cikin makonni da shekaru. Gwargwadon yawan sukarin jini, gwargwadon saurinsa.

Furotin da ya fi daɗewa a jiki shi ya fi cutuwa, kolajin na fata kuwa yana cikin masu daɗewa, domin akan yi kimanin shekara 15 kafin a sabunta rabinsa. Sukarin da ya manne masa yakan ƙulla zare da zare. Domin fahimtar wannan, mu dubi aikin majema. Idan suka jiƙa fatar akuya a ruwan bagaruwa, sinadarin da ke cikin bagaruwar yana ɗaure zaruruwan kolajin ne, ta yadda fatar ba za ta ruɓe ba. Wannan abin so ne ga baduku mai ɗinka takalmi. Amma fata mai rai tana bukatar a riƙa rushe tsohon kolajin ana gina sabo. Idan sukari ya ɗaure shi, sai rushewar ta yi wuya, fatar ta yi tauri, ta rage miƙewa da komawa, tamoji su zo da wuri, rauni kuma ya yi jinkirin haɗewa. Wasu da suka daɗe da ciwon, idan suka haɗa tafukan hannuwansu biyu, sai yatsun su kasa miƙewa su manne da juna.

Wannan mannewa ce likitoci suka mayar ma'auni. A 1968 Samuel Rahbar, wani likita ɗan ƙasar Iran, ya gano wani nau'in himogulobin da ya yi yawa a jinin masu ciwon sukari, wanda aka tabbatar daga baya cewa sukari ne ya manne masa. Da yake jajayen ƙwayoyin jini na rayuwa kimanin kwana 120, awon da ake kira HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Kashi 6.5 cikin 100 ko fiye yana nuna ciwon sukari. Amma ga masu ciwon sikila awon na iya yaudara, domin jajayen ƙwayoyinsu ba sa daɗewa, saboda haka a sanar da likita kafin a yi shi.

Ƙafa Da Gyambo

A ƙafa ne duk waɗannan matsaloli ke haɗuwa. Yawan sukari na tsawon shekaru yana lalata ƙananan magudanan jini da kuma jijiyoyin ji, kuma jijiyoyin da suka fi tsawo, wato masu zuwa yatsun ƙafa, su ke fara lalacewa. Mutum zai fara jin kamar ana tsira masa allura, ko raɗaɗi da dare, daga nan ƙafar ta dushe ta daina ji. Gumin ƙafar ma yakan ɗauke, fatar ta ƙara bushewa.

Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a garin Belor na ƙasar Indiya a 1946, ya nuna cewa yatsun kutare ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Rashin jin zafi ne ke sa su ji rauni a kai a kai ba su sani ba. Da ya koma Amurka a 1966 sai ya yi amfani da wannan darasi a kan ƙafar masu ciwon sukari. Zafi ni'ima ce. Wanda ƙafarsa ke ji, idan tsakuwa ta shiga takalminsa zai tsaya ya cire ta. Wanda ƙafarsa ta dushe zai wuni yana takawa, da yamma ya ga jini a safa. Haka yake ga mai jin ɗumi a bakin wuta da hunturu, da mai taka siminti mai zafi ba takalmi da tsakar rana. Likitoci a Saudiyya sun ba da rahoton irin wannan ƙuna a tafin ƙafar masu ciwon sukari da suka fito daga masallaci suka taka ƙasa ba takalmi.

Rauni ya samu, jini ba ya isa wurin sosai, fararen ƙwayoyin jini sun yi rauni, kolajin ya yi tauri. Ta haka ɗan ƙwarzane ke zama gyambo. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 da 34 cikin 100 na masu ciwon sukari za su samu gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma mafi yawan yanke ƙafar da ake yi musu da irin wannan gyambo yake farawa.

Idan Sukari Ya Faɗi

Fata na ba da labari har a lokacin da sukari ya yi ƙasa. Ɗalibin da ke allurar insulin, idan ya tsallake abinci ko ya yi wasa mai yawa, sukarinsa na iya sauka ƙasa da miligiram 70. Alamar ita ce gumi mai sanyi, da karkarwa, da yunwa, da ruɗewa. Idan yana cikin hayyacinsa, malami ya ba shi ƙwayar sukari uku ko rabin kwalbar lemo nan take, a sake bayan minti 15 idan bai warware ba. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe, a garzaya da shi asibiti.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 baligai miliyan 589 ne ke da wannan ciwo a duniya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. A irin wannan hali, alamar da ido ke iya gani kyauta ba abar rainawa ba ce. Amma alama ba hukunci ba ce, awon jini ne ke tabbatarwa. Miligiram 126 a desilita ko fiye, ga wanda ya kwana bai ci ba, idan an maimaita awon an sake samun haka, shi ne ciwon sukari. Wasu na'urorin suna awo da milimol, a can adadin shi ne 7.0.

Abin farin ciki, ana iya juya akalar. A wani bincike na mutum 3,234 a Amurka, wanda aka wallafa a 2002, waɗanda sukarinsu ya fara hawa aka ɗora su kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Wani binciken na 1993 ya nuna cewa riƙe sukari daidai ga masu nau'i na ɗaya ya rage lalacewar jijiyoyi da kashi 60 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya gaza kashi 10 cikin 100 na makamashin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi. Kwalbar lemo guda da shayi mai ƙwaya huɗu sun cinye wannan kason.

Ɗalibai su rage lemo da alewa da zuba sukari a koko da fura da zoɓo, su yawaita wake da gero da dawa da ba a cire dusarsu duka ba, da ganyaye irin su zogale da rama, su kuma motsa jiki. Wanda ke da mai ciwon sukari a gida ya taimaka masa duba ƙafarsa kullum, har tafi da tsakanin yatsu. Lokacin alwala dama ce ta yin haka. A tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe ko basilin a dunduniya amma ban da tsakanin yatsun, a zazzage takalmi kafin a sa, a guji yanke kaushi da reza ko yi wa kumburi sakiya. Duk raunin da ya bayyana a ƙafarsa, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kammalawa

'Yar ƙanwata ta bar lemon da take sha kullum, ta shiga wasan ƙwallon raga a makaranta, likita kuma ya ci gaba da duba ta. Kafin shekara ta zagayo nauyinta ya ragu, sukarinta ya koma daidai, baƙin wuyan ya yi sauƙi ƙwarai, ko da yake bai ɓace gaba ɗaya ba. Da an ci gaba da soso da faɗa, da wataƙila sai bayan shekaru za a gane abin da wuyanta ke faɗa.

Saboda haka ina kira ga malamai, musamman masu duba tsaftar ɗalibai da safe, idan suka ga baƙin wuyan da sabulu ya kasa, su ajiye bulala, su kira ɗalibin gefe cikin sirri, su rubuta wa iyayensa takarda a kai shi awon jini. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.